Ramar Da Ya Kawo Gida

Yana sauka daga mota a Faskari, mai shayin bakin tasha ya saki kofi, ya dafe kai.

"Innalillahi! Alhaji, kai ne?"

Ya yi murmushi, ya gyara rigar da ta yi masa yawa. A watannin da aiki ya riƙe shi a Ƙanƙara, likita ya raba shi da tsire da lemon kwalba, ya ɗora shi kan zogale da tattakin safe. Tumbin nan ya tafi. Yabo kawai yake jira.

Kafin ya kai ƙofar gida, jama'a sun biyo shi. Wani ya karɓe jakarsa, wani ya tallafe shi kamar zai faɗi.

"Sannu, Alhaji. Allah ya sa kaffara ce."

"Kaffarar me? Ni fa lafiyata lau!"

"Kowa haka yake cewa da farko. Zauna dai."

Ya zauna kan tabarma yana rarraba ido. Rasuwa aka yi ba a gaya masa ba?

Sai wata tsohuwa, maƙwabciyarsu, ta ratso taron ko takalmi babu. Ta durƙusa, ta shafa ƙashin wuyan hannunsa.

"Ɗan nan, duk wanda 'yan bindiga suka sako daga daji, haka yake dawowa. Don Allah, ka ga autana a can? Suna ba shi abinci?"

Ya buɗe baki, amma labarin zogalen ya ƙi fitowa.