Amsoshin Kaka Oddvar

Tsoho Oddvar ya kasa zama. Ya miƙe, ya zauna, ya sake miƙewa a ƙofar aji, hular kamun kifinsa tana shan murza. Malama ce ta kira shi, kuma ya san dalili. Wata uku cur shi yake amsa wa jikarsa Tuva tambayoyin aikin gida, na tarihi da tattalin arziki da sha'anin mulki. In asiri ya tonu, yarinya ta faɗi, uwarta kuma ta ci shi ɗanye.

Ya dubi Tuva. "Ke ja'ira, kin faɗa wa Malama ni ne?"

"Kaka, zauna mana, kana ba ni kunya."

Yo ina 'yar shekara sha huɗu za ta san irin amsoshinsa? Me ya sa kifi ya yi tsada? Don masu mulki ba su taɓa feɗe shi ba. Me ke kashe yaƙi? Sanyi, shi ke nan.

Malama Ragnhild tana buɗe ƙofa, ko tayin shan kofi bai jira ba. "Laifina ne, Ragnhild. Kowace kalma tawa ce."

"Na sani," ta ce, tana danne dariya. "Godiya na kira ka in yi maka. Tuva ta ci shida, makin ƙoli."

Tsoho ya fara buɗe kafaɗa.

"Cewa na yi su tattaro misalan gurguwar hujja. Sauran yara da ƙyar suka samo biyar. Ita arba'in ta kawo, duk daga bakin mutum ɗaya."