Murfin da Baba Ya Yi wa Walda

"Cire wannan mummunan murfin, sai mu yi ciniki," in ji dillalin, yana ƙwanƙwasa ƙarfen da ya rufe haƙoran tsohon injinmu na girbin masara. "Masu tara tsofaffin injuna a nan jihar Iowa, na asali suke so, yadda ya fito daga kamfani. Wane ɗan koyo ne ya yi wannan waldar?"

Raina ya ɓaci. "Mahaifina ne. Shekara arba'in ke nan, ranar da aka sallamo ni daga asibiti."

"Haba, baiwar Allah, cire shi aikin minti goma ne fa."

Na fizge safar hannuna ta dama, na kai masa hannun har gaban hanci. Babban yatsa kaɗai ya rage.

"Ga abin da na asalin ya yi min kafin a sa murfin. Kalla da kyau, sannan ka fita min daga gona."