Lambar Kan Fayil

Lambar da ke kan fayil ɗin ce ta tsayar da ita. Dattijuwa ce, shekara talatin ke nan tana ofishin bayanan asibiti, tana sa wa kowace cuta lambarta. An rubuta ta ƙarin mahaifa kawai, wadda ke tura mace layin tiyata, alhali hoton mahaifar da ke cikin fayil ɗin ya nuna juna biyu na mako tara.

Ta haura bene da fayil a hannu, gwiwoyinta na ciwo. Ta tarar da matashiyar likita tare da mai fayil ɗin, wadda ta sha kuka.

"Likita, a gyara lambar nan. Ƙarin ba na daji ba ne, kuma akwai juna biyu. Awo take buƙata, ba wuƙa ba."

"Anjima zan duba, mutane na jira."

"Ƙafata ƙafarki sai kin gyara." Ta ja kujera ta zauna.

Likita ta sake duban hoton, ta soke lambar ta rubuta wata. "Kuskurena ne." Ta juya ga mai fayil ɗin. "Za mu riƙa duba ki akai-akai."

Matar ta dubi dattijuwar. "Inna, sau biyu ina ɓari. Anya ɗa zai rayu kusa da abin nan?"

"Ba zan yi miki alkawari ba, 'yata. Amma nawa ƙarin ya fi naki girma, kuma ga wadda ta yi wata tara a gefensa." Ta nuna likita da haɓa. "Har yau ba ta jin magana sai an maimaita."

Likita ta sunkuyar da kai tana murmushi. "Haba Mama, a gaban mutane?"