Yaron da Ya Faɗi a Tsere

Da usur rataye a wuyansa koci ya shigo asibitin, takalmansa duk ƙurar fili. Bai tsaya tambaya a teburin bakin ƙofa ba, ya miƙe sashen yara.

Babu wanda bai san shi ba a unguwar. Shi ne mai bi gida-gida yana lallashin iyaye su raba 'ya'yansu da talabijin su turo su fili. Tun duku-duku yake fita, sai rana ta faɗi yake komawa, ranar hutu kuma ya loda yaran a bas zuwa gasa. Ya san wanda ke dira da diddige, ya san wadda ke zuwa ba ta karya ba. Dokarsa ɗaya ce: in an shiga fili, kowa ya kashe waya.

A baranda wata nas ta tare shi, fuskarta a sake.

"Koci, kai ne da kanka? 'Yata ba ta da zance sai naka. Wato har labarin yaron nan ya kai maka."

Ya gyaɗa kai.

"Allah ya saka. Ba ɗan ƙungiyarka ba ne, amma ka taso."

Suna tafe tana ba shi labari. Makarantar yaron ce ta shirya tsere da safen nan. Yaro ne mai jiki, daga aji sai kujerar falo, ko ƙwallo bai taɓa bi da gudu ba. Haka kawai ya ce da shi za a yi tsere mai nisa, ya zo da takalman da suka fi ƙafarsa, ya cusa musu takarda. Ba a yi nisa ba numfashinsa ya sarƙe. Malamai suka ce ya fita, ya ƙi, har ya yanke jiki ya faɗi, haɓarsa ta daki siminti.

Koci ya rage tafiya. Shi da ke hana sabon yaro gudu sai ya yi makonni yana sassarfa, shi da ke duba ƙafar kowa kafin ya busa usur.

"Abin da ya ƙona mini rai," in ji nas ɗin, ta rage murya, "uwar ta yi ta kiran mijinta, waya a kashe. Ta ce ba sabon abu ba ne, yaron yana barci yake fita, yana barci yake dawowa. Da ya farfaɗo na tambaye shi me ya kai shi. Ya ce wai so yake sau ɗaya a ba babansa labarin ya yi gudu."

Ta girgiza kai.

"Wasu iyayen dai suna ne kawai. Da ma irinka suka samu."

Koci ya sunkuyar da kai. Ya cire usur ɗin a hankali ya tura shi aljihu, kamar kayan sata.

A ɗakin, uwar na zaune bakin gado riƙe da hannun yaron da aka sa wa ƙarin ruwa. Ta ɗago ta gan shi, ba ta gaishe shi ba, ta mayar da fuska bango. Nas ɗin ta ɗauka tashin hankali ne. A ƙarƙashin gadon ga manyan takalman nan, takarda ta leƙo daga ɗaya. Koci ya kalle su, tsofaffin takalmansa ne, ya kasa ɗauke ido.

Nas ta taɓa kafaɗar yaron.

"Buɗe ido ka ga babban baƙo. In ka warke, wannan ne zai koya maka gudu na gaske."

Yaron ya buɗe ido da ƙyar. Ya daɗe yana kallon mutumin da ke tsaye, ga ɗinki a haɓarsa.

"Baba, ka yi haƙuri," ya ce, "ban kai ƙarshe ba."