Takalmin Da Ya Hau Kufai Ba Da Mai Shi Ba

Tunda ka ce sai ka huta za ka je ka gano garinku, zauna in ba ka misalin wani manomi. An haife shi a wani ƙauye a kan dutse. Yana ɗan shekara tara aka sauko da mutanen ƙauyen bakin hanya, mahaifiyarsa kuwa a can sama aka binne ta. Ya girma, ya yi iyali, gemu ya yi fari, amma kullum ya ɗaga kai daga gona, ga dutsen nan yana kallonsa. Da damina yake son ganin wurin, lokacin da idon ruwan bayan gidansu yake ɓuɓɓuga, domin a haka ya baro shi, haka kuma yake mafarkinsa. Matsalar ita ce hanyar: rafi biyu za a tsallake, sannan a kama falalen dutse mai gansakuka, santsi kamar an zuba kuɓewa. Ya taɓa gwadawa da silifas, ya zame, ya dawo gida da gurjajjiyar gwiwa da ƙafa ɗaya ta silifas a hannu.

'Yarsa da ke aiki a birni ta gaji da jin labarin dutsen nan, sai ta sayo masa takalmin hawan dutse, irin wanda ruwa ba ya shiga. Ranar da ya iso, mutumin naka ya tara 'yan kallo. Ya zura ƙafa, ya ɗaure igiya har idon sawu, ya shiga cikin daro cike da ruwa ya tsaya, ya fito ya cire, safa a bushe ƙayau. Ya je bakin rijiya inda kowa ke zamewa, ya taka jiƙaƙƙen dutse, haƙoran gindin takalmin suka riƙe kamar tsaka a bango. Cikinsa kuma laushi, bai matse yatsa ba, bai ci dunduniya ba. Ya yi ta sa wa 'yar tasa albarka har muryarsa ta shaƙe. Daga nan fa sai ya goge shi tas, ya naɗe a tsohon rawani, ya sa a ƙasan akwati. Wai abu mai kyau irin wannan ba a fara shi da gaggawa.

Daminar farko ya ce sai an gama noman biyu. Aka gama, ya ce ruwa ya yi yawa, a jira ya lafa, ka ji mai takalmin ruwa yana gudun ruwa. Damina ta biyu ya ce sai 'yar ta samu hutu su hau tare. Ta uku wani uzurin ne, ni ma na manta shi. Kowace Juma'a dai yakan fito da takalmin, ya sa, ya yi taku goma a tsakar ɗaki a kan tabarma, ya mayar. Ba ƙarya yake ba, son zuwan yana cin ransa. Gani yake dutse ba ya zuwa ko'ina, takalmi ma yana nan. Bai sa gwiwoyinsa cikin maganar ba. Damina ta huɗu sanyin ƙashi ya kama su, masallacin ƙofar gida ma sai da sanda.

Ran nan, bayan an ɗauke ruwan safe, ya kira maƙwabcinsa maharbi wanda ƙafarsu ɗaya, ya miƙa masa takalmin, ya ce, “Hau ka gano mini.” Kafin la'asar maharbi ya dawo, taɓo har ƙwauri, ƙafa kuwa a bushe, ko sau ɗaya bai zame ba. Ya kawo masa ruwan idon nan a gora. Ya ce katangu sun zube, amma tsamiyar gidansu tana nan, ya tsaya ya yi wa masu kwance addu'a, dutsen niƙan mahaifiyar dattijon ma yana nan, ruwan sama ya cika shi tsuntsaye na sha. Dattijo ya kurɓi ruwan, ya jawo takalmin ya lakato jar ƙasar da ta maƙale a haƙoransa, ya shinshina. Sai ya fashe da kuka, bai damu da wanda ke kallo ba.

Maharbi ya yi damina shida yana hawa da sauka da takalmin nan, ɗinki bai saki ba, gindi bai ɓalle ba. Dattijo kuwa yana zaune a dakali, duk safiyar da aka yi ruwa sai ya ga sawun takalminsa a taɓo, ya bi ta ƙofar gidansa ya nufi dutse. Yakan bi shi da ido har inda ciyawa ta rufe.

Kai dai gwiwoyinka da sauran ƙarfinsu, mota kuma tana tashi gobe da safe. Hausawa sun ce: a bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.