Talotalon da Ya Ƙi Gudu

Ina yarinya, Baba direban wani Balarabe ne a Riyad, muna zaune a ɗakin gadi na gonarsa, can bayan unguwar Shifa. Akwai wani talotalo a gonar da ya saba cin ragowar shinkafa a tafin hannuna.

Wata la'asar 'ya'yan maigidan suka dawo daga farauta ko kurciya ba su samo ba. Babbansu ya ce a saki talotalon a fili su harba. Baba ya kai shi nesa ya ajiye, sai tsuntsun ya sheƙo wurina a guje. Suka ce ba sa harbin abin da ba ya gudu.

Baba ya ɗebo tsakuwa ya zuba mini a tafin hannu.

"Jefe shi, uwata. Iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, tana hannun ubansu."

Na jefa. Talotalon ya tsaya yana tsattsagar tsakuwar, a zatonsa shinkafa ce. A nan suka harbe shi.

Baba ya yanka, ya fige, ya gasa musu. Suka aiko mini da fuffuke, Baba ya ce in je in yi godiya. Na je.

Yau ni ma da iƙama nake zaune, na san zafinta. Amma har Baba ya rasu ban sake amsa "uwata" ba.