Filashin Malam Lawal

Badi'a na cikin zuba wa wata mata waƙoƙi a memori sai ta ɗaga kai ta ga babbar riga ta cika ƙofar shago. Malam Lawal ne, mahaifin saurayinta Mahbub, da ƙafarsa tun daga Kabo. Saura ƙiris ta haɗiye cingam ɗin bakinta.

Sau uku Mahbub yana durƙusawa gaban mutumin nan yana roƙon a tura manya gidansu Badi'a. Duk ukun kansa a sunkuye, murya ƙasa-ƙasa, kamar yadda ɗa mai kunya yake yi. Duk ukun Malam ya ce, "To madalla, Allah ya yi albarka," ya ɗauki butarsa ya shige. Ba a ce i ba, ba a ce a'a ba, yau wata bakwai. Baban Badi'a kuwa ya riga ya faɗa: in Babbar Sallah ta wuce ba a zo ba, ya ɗauka ba a so, zai saurari wasu.

Ta zube ƙasa tana gaishe shi. Kafin ta rufe baki ya jero mata lafiya lau, ba gajiya, aiki da godiya, iyali ƙalau, da murya mai ƙarfi irin ta tsohon malamin firamare. Ya miƙo filashi da 'yar takarda. 'Yarsa Adawiyya ce ta turo bidiyo daga Fatakwal, tare da fayil ɗin rubutun da ke bi ta ƙasan hoto, talabijin ɗinsa kuma ta ƙi nuna rubutun. A takardar ya kwafe saƙonta da kyakkyawan hannu: "A mayar da VTT zuwa SRT. Shagon Badi'a, bakin tashar Gwarzo."

An zo wurin! Wannan aiki ai ko cikin barci Badi'a za ta yi shi, don kullum sai ta yi wa masu kallon fina-finan Indiya da na Turkiyya. Amma yau sau biyu tana cusa filashin a juye. Ta saka hannu ƙarƙashin tebur ta aika wa Mahbub: "Babanka yana shagona!" Amsa ta dawo nan take: "Innalillahi."

VTT na intanet ne, talabijin irin ta Malam kuwa SRT kaɗai ta sani. Ta cire kan fayil ɗin, ta jera wa layukan lamba, ta mayar da ɗigon lokaci waƙafi, ta raɗa masa suna iri ɗaya da na bidiyon. Da ta hango rubutun da Hausa yake sai ta yi maza ta kau da ido, kada a ce tun ba ta shiga gidan ba ta fara leƙen asirinsa. Ta dai yi mamaki a ranta: magana da Hausa, rubutu da Hausa? Iyayin mutanen birni ba ya ƙarewa.

Daɗi ya sa bakinta ya kasa zama. Ta yi masa tayin ruwa, ta ba shi haƙurin ƙarar janaretan maƙwabta, har zancen tsadar taki sai da ta janyo. Malam dai ya zuba wa fuskarta ido kawai. Wayarsa ta yi ta kuka a aljihu har ta gaji ta yi shiru. Badi'a ta ce a ranta, lallai wannan in ya tashi share mutum, ko waya ba ya raga wa.

Ta soka filashin a talabijin ɗin shago don gwaji. Sai ga jikokinsa biyu sun cika allo suna rige-rigen gaisuwa, rubutu na bin bakinsu daidai wa daida. Malam ya ja kujera har gaban talabijin. Can ya fashe da dariya, ya daki gwiwa.

"Ja'iri! Wai har ya sauke izu guda?"

Dariya yake yana share ido da hannun riga. Badi'a ta ji kamar ta yi guɗa. Mutumin da wata bakwai ya hana ta barci, yau ita ta sa shi dariya.

Sai Adawiyya ta bayyana, rubutu na biye da ita. "Baba, wadda ta gyara maka wannan fayil ita ce Badi'ar da Mahbub ya yi maka maganarta har sau uku. Don Allah a tura su Kawu kafin Sallah."

Badi'a ta ja mayafi ta rufe fuska, ta rasa inda za ta sa kanta.

"Mayar min baya," in ji Malam.

Ta laluba ta mayar. Ya sake karantawa a hankali, leɓensa na motsi. Sannan ya juyo ya dube ta sama da ƙasa, bakinsa har kunne.

"Ke ce? Ikon Allah! To shi sakaran ba sai ya rubuta min ba? Ni da tun zazzaɓin da na yi bara rabona da jin muryar ɗan Adam, gaisuwar ma da hadda nake amsa ta!"